An Ce Da Ruwan Wanke-wanke Na Narkar Da Gida

Bari in fara da gyara ƙaryar da ta fi kowace yawo a Mansur, unguwarmu ta nan Makka: ba sanyi ne ya koro ni daga gidan mijina ba. Duk wadda ta ce miki Sumayya ta gudo ne don ba ta iya jure ƙanƙara, ki ce mata na ce ba ta san komai ba. Sanyin nan na shanye shi kaf, wata bakwai cur, sau biyu kawai na yi kuka, shi ma ba a gaban kowa ba. Zafi ne ya koro ni. Na san dariya za ku yi. Shekara uku ke nan ana yi min ita, ban mutu ba.

Jiya ma an yi. Muna zaune a ɗakin Umma bayan azahar muna naɗe sambusar buɗa-baki, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta gurnani a bango ba abin da yake sanyayawa, sai Hala Rabi, yayar Umma, ta share gumi da bakin mayafi ta dube ni.

"Hajiya Tallaja, matso nan kusa da ni ko na ɗan ji sanyi-sanyi."

Tallaja dai firji ce a bakin 'yan Makka, kuma sunan da suka laƙaba min ke nan bayan na dawo. Maƙwabta biyu da ke taya mu aikin suka kwashe da dariya. Na ci gaba da cusa nama.

"Wallahi ya binti, ni da za a kai ni inda ake sanyi a wannan azumin, ko da igiya ba a dawo da ni," in ji ta. "Ke Allah ya ba ki likita, ya ba ki garin da ba a gumi, kika sa ƙafa kika shure."

Umma ta ce, "Halas dai, Yaya, ai magana ta ƙare. Ya aiko, bayan Sallah za ta koma."

Ni ban ce zan koma ba. Gaskiya ne ya aiko, kwana huɗu da suka wuce, kuma Abuya, mahaifina, ya ba ni zuwa ƙarshen azumi in faɗi matsayata: ko in koma ɗakina, ko a raba auren kowa ya huta. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don in na buɗe baki a gidan nan ba a barina in kai aya.

Mijin nawa, Dakta Kabiru, ɗan Funtuwa ne, a Rasha ya yi karatun likita. Umra ya zo, wani abokin Abuya ya kawo shi cin abinci, ya gan ni, na gan shi. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce ina so. Aikinsa a wani ƙaramin gari ne can ƙuryar arewacin ƙasar, bakin wani kogi, inda likitocinsu ma ba sa son zuwa. Jirgi uku muka hau kafin mu isa. Da na sauka daga na ƙarshe na ja numfashi, sai na ji gashin hancina ya sandare.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gidajen. Duk a kan ƙafafu suke, na katako, kamar rumbu. Ƙarƙashin kowane gida fayau, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Na tambayi Dakta dalili, ya ce, "Haka suke gininsu." Amsar da na samu ke nan daga mutumin da ya shekara tara a ƙasar. Sai daga baya, bayan komai ya lalace, na san dalilin. Ƙasar garin, in ka haƙa kamu biyu ko uku, daskararriya ce, laka da ƙanƙara a haɗe tun kafin a haifi kakannin kakanninsu. Ba ta narkewa ko da bazara. Ita ce dutsensu, a kanta ake kafa gida da hanya, a kanta daji yake tsaye. Suna ɗaga gida sama ne don kada ɗuminsa ya taɓa ta. Maganar da ba ta fi minti biyu ba, amma ba a yi min ita ba.

Gidan da muke haya na wata tsohuwa ce, Baba Nina. A can ma tsohuwa Baba ake ce mata, wannan kaɗai ne na ji ya yi kama da gida. Tana zaune a wani ɗan gida a gaban namu, gwiwoyinta sun ƙi, ba ta zagayawa baya. Ba famfo. Maza ke yanko ƙanƙara daga kogi, manya-manya kamar bulo, a jera a tsakar gida, kullum in ɗauko ɗaya in jefa a duro kusa da murhu ta narke. Ruwan wanki da na wanke-wanke da na alwala kuwa a bokiti ake tarawa, a kai wani rami can bayan shinge. Sati biyu na yi ina kaiwa. Kafin in dawo gashin idona ya manne, yatsuna kamar ba nawa ba. Rannan na ce wannan wahalar ta mece ce? A Mansur in ka gama wanke-wanke, buɗe ƙofa kake ka watsa a matakala, kafin ka ajiye bokitin ya bushe. Na buɗe ƙofar baya na watsa. Washegari ma haka. Ruwan ya riƙa daskarewa a gindin ƙafar gidan har ya zama tudu.

Sannan iskar da ke ratsa ƙarƙashin gidan tana hudo katakon ɗaki, in na yi sujada sai in ji goshina kamar an ɗora shi a kan ƙarfe. Na samo tsofaffin dardumai da kwalaye a ɗakin ajiya, na ɗauki guduma da ƙusa na toshe ɓangaren baya gaba ɗaya. Ɗakin ya yi ɗumi. Dakta ya dawo daga asibiti ya cire safa ya ce, "Kai, yau gidan da daɗi." Bai tambayi me ya canza ba. Ba na ɓoye ko ɗaya: ruwan na zuba, darduman na kafa. Ku riƙe wannan, mu je.

Sanyi ya wuce, dusar ƙanƙara ta narke, gari ya zama taɓo. Azumi ya kama a tsakiyar bazararsu, lokacin da rana ba ta faɗuwa. Ba wasa nake ba. Za ta gangara kamar za ta shige bayan daji, sai ta fasa, ta sake hawowa. Wani limami a babban gari ya ce wa Musulmin yankin su ɗauki jadawalin Makka su ɗora a agogonsu. Wato ni da na baro Makka, Makka ta biyo ni a takarda manne da bango. In lokacin magariba ya yi, in ɗauki dabino in kai baki, rana na kallona ta taga ƙuru-ƙuru. Ranar farko Umma ta kira ni ta bidiyo, ta ga haske a bayana.

"Innalillahi! Sumayya, rana tsaka kike cin dabino? Abin da auren ya koya miki ke nan?"

Na yi bayani har na gaji. Har yau ina zargin tana ganin akwai ramuwar wata guda a kaina.

Sai zafi ya sauko. Ba irin namu ba ne. Namu na Makka busasshe ne, ya mare ka ka shige inuwa, a kunna mukayyif. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana tasowa daga taɓo da wari kamar na kwatar da ta kwana. Gidan kuma an gina shi ne don ya riƙe ɗumi, bango mai kauri, gilashin taga biyu-biyu, wata 'yar ƙaramar kafa ce kawai ke buɗuwa a sama. In ka buɗe ta sauro ya shigo kamar hayaƙi, in ka rufe ka dahu. Ba fanka ko ɗaya a garin, wa zai sayar da fanka a can? Ba dare kuma balle gari ya huce. Tsofaffi na zaune a bakin ƙofa suna fifita da kwali, suna girgiza kai. Dakta ya ce cewa suke tun suna yara ba su ga irin wannan ba, kuma kowace shekara sai ta fi ta baya. Daji ya kama da wuta can nesa, hayaƙi ya rufe sama, rana ta koma ja kamar garwashi. Ga ƙishirwa, ga maƙogwaro na ɗaci.

Abincinmu na azumi nama ne. Tun da sanyi Dakta ya sayi barewa guda daga makiyayan da ke kiwonta, ya yanka da hannunsa, muka adana a ramin Baba Nina. Rami ne mai zurfi da marigayi mijinta ya haƙa cikin daskararriyar ƙasar, ana sauka da tsani. Da na fara shiga lokacin sanyi, bangonsa fari tas yana ƙyalli. Ran goma ga azumi na ɗaga murfin, wari ya buge ni. Na sauka, ƙafata ta nutse a ruwa har idon sawu. Bangon na ɗiga, tsulul-tsulul. Naman ya yi kore. Kifin Baba Nina na shekara guda ma ya tafi. Ramin nan yana gaban gida ne, can nesa da inda nake zuba ruwa. Ku riƙe wannan ma.

A satin ne hanya ta lotsa. Hanya ɗaya ce tak ke shigowa garin, kuma dama ta daɗe tana hawa da sauka kamar an shimfiɗa tabarma a kan duwatsu. Wani yanki nata ya zauna gaba ɗaya, tafki ya ɓullo a wurin, motar kaya ta daina zuwa. Kanti ya koma daga gishiri sai ashana sai gwangwanayen da ban yarda da abin da ke cikinsu ba. Muka koma buɗa-baki da burodin da nake gasawa, da shayi, da busasshen kifi in an samu. Dabinon da Umma ta haɗo ni da shi na mayar da shi uku-uku, sannan bibbiyu, sannan ɗaya mu raba. Ina tuna shorbar Umma da subiya mai sanyi, in ji hawaye na neman zubowa, in haɗiye, don ko ruwan hawayen ba ni da shi na asara.

Ranar Juma'a ɗaya Dakta ya ce mu taka mu ga inda hanyar ta karye. A nan na ga dajin da kyau. Itatuwan dogaye ne sirara, da na zo a miƙe suke. Yanzu wannan ya karkata gabas, wancan yamma, wani ya jingina da ɗan'uwansa, kamar sahun da kowa ke bin limaminsa daban. Saiwoyinsu ba sa nisa, a kan ƙanƙarar suke zaune, ita kuma ta zama kunu. Turakun lantarki ma haka. A hanyar dawowa na lura gidan maƙwabcinmu an tokare shi da gungume biyu, makarantar yara kuma an kewaye rabinta da igiya saboda tsagewa. Na nuna wa Dakta. Ya ce, "Uhm."

Namu gidan a kasko na fara gane ya karkata. Na zuba ɗan man da ya rage zan soya burodi, sai man ya taru a gefe ɗaya na kaskon. Na juya kaskon, ya sake komawa can. Carbina ya tsinke, 'ya'yan duk suka gangara kusurwa ɗaya kamar an kira su. Ƙofar ɗaki ta daina rufuwa. Ran ashirin da uku ga wata, da la'asar, ina kwance ina jiran lokaci, na ji ƙara kamar an harba bindiga. Murhun bulo ne ya tsage daga sama har ƙasa, bututun hayaƙi ya rufto, toka ta turnuƙe ɗakin. Na fito da gudu ba ko takalmi.

Maƙwabta suka taru. Aka kira Dakta daga asibiti. Baba Nina ta dogara sandarta ta zagaya baya, karon farko tun zuwana. Ta ga dardumai. Ta ga taɓon da ke gindin ƙafar gidan, da kumfar sabulu a kai, ƙafar ta nutse ta karkace. Ta ƙwalla ihu. Ta fizge darduma ɗaya ta jefo min a ƙafa, tana nuna ni da sanda tana zazzaga magana. Mata suka kama baki, wani mutum ya tofar da yawu.

Na ce, "Dakta, me take cewa?"

"Cewa take kin narkar mata da gida."

"Da ruwan wanke-wanke? To ka tambaye ta wa ya zuba ruwa a raminta. Ka tambaye su wa ya kafa darduma a makaranta. Hanyar fa, ni na yi alwala a kanta?"

"Sumayya, rufe min baki. Kin ja mana abin kunya."

Sai ya juya gare su ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, ya yi ta magana a hankali. Yarensu ban iya ba, amma wata da watanni ina sauraro, na tsinci kalmomi. Na ji "yi haƙuri". Na ji "ba ta sani ba". Na ji kalmar da suke kiran hamada da ita. Wato 'yar hamada ce, ba ta da wayo, ku yafe mata. Wasu har da 'yar dariya. Mutumin da ya san gaskiyar ƙasar nan sarai, wanda da idonsa ya ga daji a karkace, bai ɗaga yatsa ya nuna gungumen da ke tokare da gidan maƙwabci ba, alhali ga shi nan a gabanmu. Ya ga garin na neman wanda zai ɗora wa laifi, ya miƙa musu ni, don a ci gaba da gaishe shi a asibiti.

Baba Nina ban riƙe ta da zafi sosai ba. Kwana biyu bayan nan na hango ta zaune a bakin raminta, murfi a buɗe, tana kallon ruwan da ya cika shi. Ta daɗe a haka. Ta san ba ni ba ce. Amma ni ana iya yi min ihu, ƙasa kuwa wa zai yi wa?

Sauran azumin a wani ɗaki na asibiti muka ƙarasa shi, ba ma magana sai ta dole. In na fita, yara na bina suna kwaikwayon watsa ruwa. Bayan Sallah ya ce in je gida in huta har maganar ta lafa. Ta kogi na fita, kwana biyu a jirgin ruwa, tunda hanya babu.

Da na iso na faɗi abin da ya faru. Hala Rabi ta ce, "Ƙasa ta narke? Man shanu ce?" Aka yi dariya har da riƙe ciki. Shekarar da ta biyo Dakta ya zo umra, ya zauna a falon Abuya ya ci kabsa. Hala ta tambaye shi ta bayan labule, wai me ya dawo da 'yarsu. Ina tsaye da tire a hannu, ya yi murmushi ya ce, "Ai Hala, sanyin can sai mai haƙuri." Daga bakinsa sunan Tallaja ya samo asali. Ya ce in shirya mu koma tare, na ce ban gama hutawa ba.

Yanzu ga azumi ya sake zagayowa da zafi. Da rana in na taka matakalar unguwarmu sai in ji dutsen na cin tafin takalmina, tankar ruwa in ta makara kowa ya shiga tashin hankali, tsofaffin nan ma cewa suke zafin bana ya fi na da. Amma in na watsa ruwa yana bushewa, man girki yana zama a tsakiyar kasko, ƙofa tana rufuwa. Har yau in na shiga ɗakin da ban sani ba, sai na duba kofin shayi in ga ko ruwan ya karkata.

Saƙon da ya aiko hotuna uku ne. Na farko layinmu, gidajen duk sun durƙusa, wasu sun buɗe a tsakiya. Na biyu gidan Baba Nina da namu, a tsakiyar tafki, ruwa har taga. Na uku wani dogon bene a babban gari inda aka mayar da mutane, shi ma an ba shi ɗaki biyu a ciki. A ƙasa ya rubuta: "Kin ga ikon Allah. Layin gaba ɗaya ya tafi. Nan akwai famfo. Ki shirya bayan Sallah."

Nan akwai famfo. Wato har yanzu matsalar bokitina ce.

Na nuna wa Umma hotunan na ce ta duba da kyau, shekara uku ba na garin, wa ya narkar da sauran? Ta ce, "To ai shi ke nan, Allah ya wanke ki, sai ki yi haƙuri ki koma." Allah ya wanke ni, na gode masa. Amma wanda ya shafa min baƙin bai ce komai ba tukuna, kuma Hala Rabi ba ta fasa kirana Tallaja ba.

Don haka ga abin da zan yi. Gobe Juma'a, Hala da maƙwabta duk a gidanmu za su sha ruwa, Abuya ma yana nan. In an ci dabino an yi magariba an dawo kan shimfiɗa, zan ajiye wayata a tsakiya, kusa da kwanon shorba, in kira shi in buɗe murya kowa ya ji. Tambaya biyu zan yi masa, da Hausa, ba mai fassara. Sanyi ne ya koro ni? Ni na narkar da gidan? In ya faɗi gaskiya da bakinsa a gabansu, to sai mu zauna mu yi maganar bene da famfo. In kuwa ya ce "uhm", zan miƙa wa Abuya wayar ya karɓo min takardata, ni kuma in tashi in kwashe kwanuka, in wanke, in buɗe ƙofa in watsa ruwan a matakala.